Yadda zazzaɓi ya sauya min sakamakon gwajin kitsen jini a Jos

Bayan yayana ya samu shanyewar ɓarin jiki yana ɗan shekara 54, likitar da ke duba shi ta ce duk mu da muke ciki ɗaya da shi mu zo a auna mu. Ni na fara zuwa, ba don na fi sauran jin magana ba, sai don shagona a Terminus ba shi da nisa da asibitin. Hawan jini nan take aka auna, ya ɗan haura. Suga lafiya lau. Daga nan ta jawo fom ta rubuta gwaji uku: na kitsen jini gaba ɗaya, da wani mai suna CRP da ta ce yana nuna ko akwai kumburi a cikin jiki, sai na uku da ta ja wa layi a ƙasa, Lp(a), wani nau'in kitsen jini da ake gada. Ta ce na ƙarshen ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, in tambaya kafin in biya. Na tambaya, aka ce sai dai a tura jinin Legas, kuɗinsa kuma ya fi na sauran biyun a haɗe. Na ce a bar shi tukuna.

Sharaɗin shi ne in zo da safe ban ci komai ba, awa 9 zuwa 12. Ruwa kam an yarda a sha, har ma so ake a sha. Mai ɗibar jinin ya ce babbar matsalarsa da mutanenmu ke nan: da zarar an ce azumi sai mutum ya ɗauka irin na Ramadan ne, ya ƙi ko kurɓar ruwa, ya taho cikin sanyin Jos jijiyoyi duk sun lafe, a yi ta lalube ana soka masa allura a banza.

Ya ɗaure min dantse da roba, ya ce, "Dunƙule hannu, Alhaji." Ya goge wurin da auduga mai sifirit, ya soka, jinin ya gangara cikin wata 'yar kwalba mai rawayan murfi. Da yake babu layi sosai, sai na tsaya ta taga ina kallon abin da zai yi da shi. Ya bar jinin ya yi guda tukuna, sannan ya sa kwalbar a wani inji mai juyawa da ƙarfi. Da ya ciro ta, jan ya kwanta a ƙasa, sama kuma wani ruwa ne garau mai launin rawaya-rawaya. Wannan ruwan ake aunawa, ba jan ba. Ya ɗago wata kwalbar ya nuna min, nata ruwan ya yi fari fat, ba a hango komai ta cikinsa. Ya ce ko dai mai jinin ya karya da masa da shayi mai madara kafin ya zo, ko kuwa maiƙon da ke jininsa ya wuce misali.

Abin da ba wanda ya tambaye ni, daga mai karɓar kuɗi har mai ɗibar jini, shi ne ko na yi rashin lafiya kwanan nan. Fom ɗin ma ba shi da gurbin wannan tambayar. Alhali satin da ya gabata zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, ban daɗe da gama shan magani ba.

Sakamakon ya fito da yamma. Jimillar kolestarol 3.9, iyakar da aka buga a gefe kuwa 5.2. LDL 2.1. Duk wanda ya ga haka zai yi hamdala. Sai dai an sa alamar tauraro a gaban guda uku: HDL 0.7, ƙasa da 1.0 da ake so namiji ya kai, tiragilisarid, wato wani nau'in maiƙon jini, 2.4, sama da 1.7, CRP kuma 38. Wani dattijo da muke benci ɗaya ya leƙo takardata ya ga 3.9, ya dubi tasa da ya kawo daga wani ɗakin gwajin ya ga 190, sai ya hau salati. Ashe ma'auni ne ya bambanta. Tawa da milimol aka rubuta, tasa da miligiram irin na Amurka. In aka raba 190 da 38.7 ana samun 4.9, wato shi ma bai kai iyaka ba. A garin nan kowane ɗakin gwaji da ma'aunin da yake bi, kuma ba kowa ke tsayawa ya yi wa mutum bayani ba.

Likitar, 'yar Pankshin ce, Hausarta ta fi ta wasunmu, ba ta daɗe tana kallon takardar ba ta ɗago kai.

"Malam, yaushe rabonka da zazzaɓi?"

Na gaya mata. Ta ajiye biro ta ce, "To wannan takardar ba taka ba ce, ta zazzaɓin ce."

Ga bayanin da ta yi min, wanda daga baya na ƙara bibiya da kaina. Kitse ba ya gauraya da ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne, saboda haka jiki ba ya sakin kolestarol haka nan cikin jini. Sai an naɗe shi da furotin, wannan ƙunshin shi ake kira lipofurotin. Ta ce in ɗauke su kamar 'yan dako a kasuwar Farin Gada: LDL ke fita da kaya su rarraba wa sassan jiki, HDL kuma su kwaso ragowar su mayar wa hanta. Idan LDL suka yi yawa a jini shekara da shekaru, sai su riƙa kutsawa cikin bangon jijiya suna maƙalewa. Fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye su, wurin ya kumbura, a hankali ya zama tudu a cikin jijiyar. Ranar da tudun ya fashe, jini ya yi guda a kansa ya toshe hanya. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Ashe kitse da kumburi tare suke ɓarnar.

CRP kuwa hanta ke ƙera shi duk lokacin da jiki ke yaƙi da wani abu. A 1930 wasu likitoci biyu a New York, Tillett da Francis, suka gano shi a jinin masu ciwon nimoniya. Ba ya faɗin inda kumburin yake, yana dai cewa akwai. Maleriya na tayar da shi, haka taifod, da tarin fuka, har ruɓaɓɓen haƙori. In ana son a yi amfani da shi wajen hasashen ciwon zuciya, wani nau'in gwajin ake yi mai iya kama ɗan ƙaramin adadi. A 2003 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, suka raba shi gida uku: ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 babba. In ya haura 10, sun ce kada a fassara shi da ciwon zuciya, a nemi cutar da ta tayar da shi, a sake gwajin bayan an warke. Nawa 38 ne.

Kuma yayin da jiki ke wannan yaƙin, lissafin kitsen jini kansa yana jirkicewa. Jimillar kolestarol ta sauka, LDL ya sauka, HDL ya sauka, tiragilisarid ya hau. Sanannen abu ne a masu maleriya. CRP yana komawa daidai cikin 'yan kwanaki, amma kitsen sai ya ɗauki makonni. Ta ce in dawo bayan sati shida.

Wannan wurin ya fi komai tsaya min a rai. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Mu kuma ba ma zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da mu, kuma a ranar ne mutum zai ce, "Tunda na zo, a haɗa min da na kolestarol." Wato daidai lokacin da gwajin zai fi ruɗar mutum. Ya koma gida da takarda mai kyau, ya ajiye ta cikin akwati, ya ci gaba da harkarsa hankali kwance.

Ina cikin jiran ne kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, ya zo gaida yaya. Bafillatani ne, a ruga ya tashi. Da ya ji labarin gwajin sai ya yi tsaki. "Kai yaro, mu da nono da man shanu aka yaye mu. Wa ka taɓa ji kitse ya kashe a ruga? Wannan ciwon Turawa ne." Abin mamaki, maganarsa tana da inda ta jingina. A 2001 Robert Glew na Jami'ar New Mexico da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi kan Fulani makiyaya a nan yankinmu na Filato. Sun tarar kusan rabin kuzarin abincinsu daga mai yake fitowa, galibi na nono da man shanu, amma duk da haka kitsen jininsu bai nuna haɗari ba. Sai dai su masu binciken ba ga jinin Fulatanci suka danganta abin ba. Sun lura cewa mutanen ba su da ƙiba, abincin da suke ci gaba ɗaya ba shi da yawa, ba sa shan taba, kuma wuni suke suna tafiya bayan shanu. Kawu kuwa ya daɗe da barin sanda, a mota yake zuwa ko'ina, tumbinsa ya fi nawa. Ban ce masa komai ba, don ba a jayayya da kawu a gaban mutane.

Da lokaci ya yi na koma, wannan karon na daure na biya har na Legas ɗin. Jimillar kolestarol 5.6. HDL 1.2. Tiragilisarid 1.1. LDL 3.9. CRP 2.6. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, amma LDL ya kusa ninka na takardar farko. Mai ɗakin gwajin ya nuna min cewa LDL ɗin ma ba auna shi suke yi kai tsaye ba, lissafo shi ake yi da wata dabara da Friedewald ya fitar a 1972: a cire HDL daga jimilla, a kuma cire tiragilisarid da aka raba da 2.2. Shi ya sa in tiragilisarid ya yi yawa ƙwarai, sama da 4.5, lissafin ba ya aiki.

Na Legas ya iso daga baya ta waya. Lp(a) 168, iyakar da ake fara damuwa kuwa 125 ce a ma'aunin nanomol, ko 50 a miligiram.

A nan ne maganar jinsi, wato asalin al'ummar da mutum ya fito, ta shigo. Lp(a) wani nau'in LDL ne da aka liƙa masa ƙarin furotin guda, wani masani ɗan Norway, Kare Berg, ya gano shi a 1963. Yana maƙalewa a bangon jijiya, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke hura kumburi. Kusan gaba ɗaya gado ne ke yanke yawansa a jinin mutum. Rage abinci ba ya sauke shi a zo a gani, haka motsa jiki. Shi ya sa likitocin zuciya na Turai suka ce kowane baligi ya auna shi ko da sau ɗaya a rayuwa. Kimanin mutum 1 cikin 5 a duniya nasa ya haura iyaka, amma ba daidai ya rabu ba. Masu asalin Afirka su ke da mafi yawa, matsakaicinsu ya ninka na Turawa sau biyu zuwa uku. Mutanen Indiya da Pakistan da maƙwabtansu na biye, na Sin da Japan kuma su ke ƙasa.

Ba Lp(a) kaɗai ba ne. A Amurka akwai wani babban bincike mai suna MESA da aka fara a shekara ta 2000 da mutum 6,814, farare, baƙaƙe, masu asalin Latin Amurka da masu asalin Sin. CRP ya fi yawa a baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, ya fi ƙanƙanta a 'yan Sin. A 2021 wasu masu nazarin bayanan MESA suka ba da rahoton cewa haɗarin Lp(a) ya fi fitowa fili a waɗanda CRP ɗinsu ya kai 2 ko ya wuce. Wasu binciken na daban sun ga haɗarin ko da kumburi ko babu. Ko wanne aka ɗauka, ni dai duka biyun sun haura.

Akwai kuma wani abin da ya kamata kowane baƙar fata ya sani game da tiragilisarid. A Turawa, hawansa alama ce da ke nuna jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, wato hanyar ciwon suga ta buɗe. A masu asalin Afirka kuwa sau da yawa yana zama ƙasa ko da matsalar ta riga ta kama. Saboda haka 1.1 ɗin da na samu ba shedar lafiya ba ce yadda za ta zama ga Bature. 'Yan Indiya akasin haka suke: tiragilisarid sama, HDL ƙasa, ciwon zuciya kuma ya kan kama su da ƙuruciya. Yawancin iyakokin da ake bugawa a gefen takardunmu daga binciken da aka yi a Amurka da Turai aka samo su. Shahararren cikinsu, na garin Framingham da aka fara a 1948, kusan duk farare ne a cikinsa.

Amma kada mutum ya ɗauka komai gado ne. An daɗe ana cewa baƙaƙen Amurka sun fi farare HDL. Sai ga wani bincike mai suna RODAM ya kwatanta 'yan Ghana da ke ƙauye, da na birni, da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amsterdam, Berlin da Landan. Asali ɗaya ne, amma ƙarancin HDL ya fi yawa a mazauna ƙauye, yawan LDL kuma ya fi a mazauna birni da Turai. Cikin dalilan da ake zargi a ƙauyen har da yawan cututtukan da ke tayar da kumburi. Kuma gadon Afirka ba sharri kaɗai ya ƙunsa ba. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen na Dallas suka nuna cewa kimanin 2 zuwa 3 cikin 100 na baƙaƙen Amurka suna da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PCSK9, wanda ya rage musu LDL da kashi 28, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya kuma da kashi 88. Wannan ya taimaka wajen buɗe hanyar sabbin alluran rage kolestarol da aka fara amfani da su a 2015.

Sai na yi mata tambayar da duk ɗan Jos zai yi, ko da yake a garin nan ba a ɗaga zancen ƙabila da wasa.

"Likita, to tsakanin Birom da Bahaushe da Bafillatani fa, wa ya fi?"

Ta yi dariya ta ce ita ba ta rubuta magani da ƙabila. Waɗancan alƙaluman matsakaici ne na dubban mutane, kuma a cikin kowace al'umma akwai mai ƙasa sosai, akwai mai sama sosai. Turawa sun haɗa mu a akwati ɗaya sun rubuta "baƙi", alhali babu nahiyar da ta kai Afirka bambancin ƙwayoyin gado, Filato kaɗai tana da ƙabilu sama da 40. Amfanin sanin jinsi, a cewarta, shi ne ya tuna wa likita gwajin da bai kamata ya tsallake ba, da kuma lambar da bai kamata ya yarda da ita da sauri ba. Bayan haka abin da take tambaya shi ne: wa ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki a gidanku, yana ɗan shekara nawa, kana shan taba, nawa ne faɗin ƙugunka, nawa ne hawan jininka. Na ga gaskiyar maganarta da ƙanwata da ke Kaduna ta yi nata gwajin. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, Lp(a) ɗinta 31.

Ta ƙara jan kunnena kan hawan jini, ta ce kada sabon gwaji mai tsada ya ɗauke min hankali daga tsohon abokin gaba. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, matsalar kitsen jini na biye da shi.

Shawarar da ta yanke ba ta da wuyar fahimta. Tunda Lp(a) ba ya sauka da magungunan da muke da su a kemis, kuma alluran da aka ƙera musamman dominsa ana kan gwada su, sai a sauke duk abin da ke saukuwa. Ta ɗora ni a kan maganin hawan jini da kuma sitatin, maganin rage kolestarol. Na ce mata ai LDL 3.9 bai yi muni can ba. Ta kawo min binciken JUPITER na 2008, inda aka ɗauki mutum 17,802 da LDL ɗinsu bai kai 3.4 ba amma CRP ya kai 2, aka bai wa rabi rosubasitatin, wani nau'in sitatin, sai bugun zuciya da shanyewar jiki da makamantansu suka ragu da kashi 44. A 2017 kuma binciken CANTOS ya nuna cewa maganin da ke rage kumburi kawai, ba tare da ya taɓa kolestarol ba, shi ma yana rage bugun zuciya. Ko a nan jinsi ya leƙo: a jinin mutanen gabashin Asiya rosubasitatin yana taruwa kusan ninki biyu, don haka da ƙaramin awo ake fara musu. Ta ce in na ji ciwon tsoka da ba na saba ji ba, ko fitsari ya yi duhu, in dawo kada in jira ranar da aka ba ni.

Ta kuma tura ni wurin likitan haƙori, saboda na ambata cewa dasashina na zubar da jini in na yi asuwaki. Ciwon dasashi na daga cikin ƙananan kumburin da ke riƙe CRP a sama ba tare da mutum ya ji zazzaɓi ba.

Batun abinci ba ta tsawaita ba, ni ma ba zan tsawaita ba. A Jos ba mu da uzuri: ga acca, ga wake, ga gwate, ga kabeji da karas da koren wake sun fi arha a nan fiye da ko'ina a Arewa. Abin da na rage shi ne tsire mai kitse na dare, da soye-soyen da ake yi da man da aka maimaita, da gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Safiya kuma daga Unguwar Rogo nake takowa wani ɓangare na hanya kafin in hau Keke.

Bayan kamar wata uku aka sake ɗibar jini, jikina garau ba zazzaɓi. LDL ya sauko 2.2, CRP 1.4, hawan jini ya daidaita. Lp(a) ba a sake aunawa ba, ta ce asarar kuɗi ce. Ta rubuta min in ci gaba da maganin, in dawo bayan wata shida, in kuma riƙa duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa a jikin kowane kwali kafin in biya, musamman in mai kemis ya ce nawa ya ƙare amma ga wani "irinsa" mai rahusa.